Gwaggo Hure Ta Fitar da Gadonta

A ƙauyenmu, can bayan Zakirai, mun ga masu gida iri-iri. Akwai mai faɗa, akwai mai rowa, akwai wanda yake kulle rumbu ya tafi kasuwa da makullin a aljihu. Amma maigidan da ya mayar da gidan ubansa fadar shugaban ƙasa, a kan Kamaruddeen muka fara gani. Har yau in ana ba da labarin dariya ake yi. Ni ma nakan yi, sai dai da na tuna tarin Gwaggo Hure sai dariyar ta ɗauke.

Abin ya faro ne wata safiya a teburin mai shayi, gab da faɗuwar damina. Rediyo ta ce shugaban ƙasa ya sa hannu a kan wani umarnin zartarwa, kuma zai fara aiki nan take. Kamaru, don haka kowa yake kiransa, ya ajiye kofi ya juya wajen Malam Yahya, malamin firamarenmu.

"Malam, shi wannan umarnin zartarwar, doka ce ko kuwa?"

"Ɗan'uwan doka ne," in ji Malam Yahya. "Ita doka majalisa ce take yi, a yi ta muhawara, wannan ya ja wancan ya ja. Shi kuwa wannan, shugaba ne zai zauna a ofis ya sa hannu, ya ce wa ma'aikatun da ke ƙarƙashinsa ga abin da za su yi. Sukan yi shi in abu na gaggawa ne. Wani lokacin kuma in sun san majalisa za ta ba su wahala."

"Ba sai ya tambayi kowa ba?"

"To, da iyakarsa. Ba zai tsallake tsarin mulki ba, sannan kotu tana iya..."

Kamaru bai tsaya jin iyakar ba. Ya kwankwaɗe shayinsa da zafinsa, ya karkaɗe riga ya nufi gida.

Shi ma yana da majalisar da ta dame shi. Mahaifinsu, kafin ya rasu bara, ya saba duk Juma'a in an sauko daga masallaci ya tara manyan gida a zaure a yi shawara. Mutum uku suka rage a wannan zama: Kamaru, da ƙanensa Usaini, da ƙanwar mahaifinsu, Gwaggo Hure, wadda ta dawo gida tun rasuwar mijinta, ba ɗa ba jika. Usaini duk abin da aka faɗa "to" yake cewa. Gwaggo ce mai cewa "a'a". Ita ta hana a sayar da gonar fadama, ita ta hana a sare ɗorawar gona a ba masu gawayi.

Da ya shiga gida sai ya tsaya a tsakar gida ya yi gyaran murya, ya ce kowa ya fito. Matarsa Tahira ta fito da muciya a hannu. Usaini ya ajiye fartanyar da yake sa wa ƙota. Gwaggo tana bakin murhunta tana kwashe ƙosan ƙarshe, don sana'arta ke nan kowace safiya.

"Daga yau," in ji Kamaru, "an dakatar da zaman Juma'a, saboda yanayin da ake ciki."

"Wane yanayi?" in ji Gwaggo.

"Yanayi na gaggawa, Gwaggo. Sannan ga umarni na farko. Ba a yarda a ƙara ɗaure akuya a cikin gidan nan ba. Wari yana korar baƙi."

Duk gidan Gwaggo ce kaɗai mai awaki. Ta dubi turken da ke gindin katanga, inda wani ƙaton rago yake tuƙa.

"Ragon naka fa?"

"Shi rago na gwamnati ne."

Ya sunkuya ya ɗauki gawayi daga murhun Gwaggo, ya je bangon zaure ya yi wani zane kamar tafiyar tsutsa. "Na sa hannu," in ji shi. "Ya fara aiki nan take."

Gwaggo ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce yaron nan shayi ya yi masa yawa. Ba ta daina dariyar ba sai da ta ga Usaini yana kwance awakin yana jan su waje.

Bayan gida aka ɗaure su, inda ba rumfa ba inuwa. Ruwan farko ya sauka a kansu, na biyu ma haka. Uwar awakin ta fara zawo, ta daina cin harawa, sai mahauci aka kira ya ɗauke ta a wulaƙance. Wata safiya kuma Gwaggo ta zagaya da dusa ta tarar da igiya kawai a turken ɗan bunsurun. Ta dawo ta sami Kamaru yana alwala.

"Kamaru, an sace mini bunsuru."

"Innalillahi. Kin ga abin da nake faɗa ke nan, Gwaggo, matsalar tsaro. Za a ɗauki mataki."

Matakin da aka ɗauka shi ne umarni na biyu. Akwai wata 'yar kafa a jikin dangar da ta raba gidan da gidan maƙwabta, gidan su Roda. Roda ƙawar Gwaggo ce tun suna 'yan mata, su mutanen coci ne, kuma ta wannan kafar matan unguwa suke miƙo kwano a zuba musu ƙosai ba sai sun zagaya ta zaure gaban maza ba. Kamaru ya ce ta nan ɓarayi suke leƙo asirin gida. Ya sa Usaini ya toshe ta da ƙaya da karan dawa.

"An rufe boda," in ji shi, ya sake yin tsutsarsa a bango.

"Bunsurun ai a waje aka sace shi," in ji Gwaggo.

"To da a ciki ne fa? Ai riga-kafi ake yi."

Rabin masu sayen ƙosai suka koma wajen wata mata a bakin rijiya. Gwaggo ta rage yawan waken da take jiƙawa. Hirar da takan yi da Roda da yamma ta koma ta ihu ta saman danga, kowacce tana cewa "Me kika ce?"

Ba a jima ba umarni na uku ya fito: an hana fitar da kayan abinci daga gida, don a tabbatar da wadata. Ya sa wa rumbu kwaɗo. A cikin rumbun kuwa har da waken Gwaggo, wanda ta noma a 'yar gayaunarta da hannunta.

"Wakena ne fa, Kamaru. Da shi nake ƙosai."

"Ƙosan a ina ake cinye shi? Ba a waje ba? To fitarwa ke nan."

Ranar kasuwa da sassafe sai ga Kamaru yana ɗora buhu a bayan babur. Gwaggo ta gane buhun, don ita ta yi masa faci da tsumman zaninta.

"Wannan kuma ina za shi?"

"Wannan ba fitarwa ba ce, Gwaggo. Hulɗar kasuwanci ce tsakanin hukumomi. Ba za ki gane ba."

Kaskon ƙosai ya kife a gindin bango. Gwaggo, wadda a da ita take ba yaran gidan abin karyawa, ta koma jiran kwanon tuwon da Tahira za ta miƙo mata. Tahira ba muguwa ba ce, amma awo aka rage mata, kuma malmalar Gwaggo ce take fara jin ragin.

"Wallahi Gwaggo ba ni ba ce," takan ce tana sunkuyar da kai. "Ni ma umarni aka ba ni."

Gwaggo ta tare Usaini a hanyar gona. "Kai ba ka da baki ne? Gidan nan ba na ubanka ba ne kai ma?"

Usaini ya sosa ƙeya. "Gwaggo, Yaya ne babba. Kuma ya ce abin na wucin gadi ne. In na yi magana ya ce ina adawa."

Roda da ta ji shiru ba ƙamshin mai, sai ta fara ɗaura kwanon miya a bakin sanda tana miƙo shi ta saman danga. Haka suka yi ta yi har ranar da Kamaru ya fito daga bayi ya ga kwano yana tafiya a sama shi kaɗai. Ya yi tsalle ya cafke.

"Fasa-ƙwauri! A gidana!"

Ya buɗe, miyar taushe ce da ɗan nama. Ya ce an ƙwace kayan, za a yi bincike. Ya shiga ɗaki da kwanon. Da ya fito binciken ya kammala, yana lasar yatsa, ya ce a mayar wa Roda kwanonta tare da gargaɗi.

A ranar Gwaggo ba ta yi dariya ba. Ta zauna a ƙofar ɗakinta ta ce, "Kamaru, ni na goya ka. Bayana ka yi wa fitsari. Yunwa nake ji."

Maganar ta ɗan taɓa shi, don washegari ya shigo da fara'a ya ce gwamnati ta ji koken jama'a, an fito da tallafi. Ya sa Gwaggo ta tsaya a rana. Ya riƙo ƙullin taliya ɗaya da sinƙin magi, ya ba Usaini waya ya ce ya ɗauka.

"Gwaggo, ki kama nan. A'a, kar ki ja, ki dai kama. Ki yi murmushi mana. Usaini, ragon ya fito?"

Sai da aka sake ɗauka saboda Gwaggo ta rufe ido. Da aka gama ya sakar mata taliyar, magin kuwa ya miƙa wa Tahira, don dama daga madafinta ya aro shi. Kafin azahar hoton ya zagaya wayoyin samarin gari, an rubuta a ƙasa: mai taimakon tsofaffi.

Umarnin da ya karya Gwaggo shi ne na ɗaki. Kamaru ya sami takin zamani da yake so ya ɓoye sai ya yi tsada, kuma duk gidan ba ɗakin da ba ya yoyo sai nata, don marigayi yayanta da kansa ya sa mata rufin kwano.

"An karɓi ɗakin nan don amfanin jama'a," in ji shi.

"Wace jama'ar?"

"Jama'ar gida. In taki ya yi daraja kowa zai amfana. An tanadar miki wani matsugunin."

Matsugunin shi ne tsohon madafi, mai baƙin bango da rufin azara da ya fara lotsawa. Usaini ya kai mata gadonta na kara da kwallarta da buta, yana yi yana kallon ƙasa. Damina ta yi tsakiya. In an yi ruwa sai Gwaggo ta jera kwanuka a ƙasa, ta ja gado wannan kusurwa, ta mayar da shi waccan. Tabarma ta yi funfuna. Tari ya kama ta, irin mai fitowa daga can ƙasan ƙirji, har Roda tana jiyo shi ta bayan danga tana kiran sunanta.

Malam Yahya ya taɓa yi wa Kamaru magana a bakin masallaci, cikin lallashi. Kamaru ya girgiza kai kamar mai ɗauke da nauyin duniya.

"Malam, shugabanci ba sauƙi. Gyara nake yi, wahalar ta ɗan lokaci ce. Gidan nan a lalace na gaje shi. Ita Gwaggo ba ta son canji ne kawai."

Ranar kasuwar Zakirai, gari ya waye da rana mai kyau. Hanyar kasuwar ta ƙofar gidan ta bi, gindin wata darbejiya. Kamaru yana teburin mai shayi lokacin da Roda ta zagayo ta zaure ta yi sallama. Ba a daɗe ba sai ga tsofaffin nan biyu sun fito, ɗaya a gaba ɗaya a baya, ɗauke da gadon kara, suna tafiya suna hutawa. Suka ajiye shi a gindin darbejiya. Suka koma suka fito da kwalla da buta da tabarma mai funfuna. Gwaggo ta ɗaura gidan sauro a reshe. Ta kafa duwatsun murhu, ta ɗora kasko, Roda ta kawo ƙullun wake daga gidanta.

Masu tafiya kasuwa suka fara rage gudu.

"Gwaggo, lafiya? Gobara aka yi?"

"Lafiya lau, ɗan nan. Ɗakina gwamnati ta karɓa."

"Wace gwamnatin?"

"Ta cikin gida. Ƙosan nawa za a ba ka?"

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta zagi kowa ba. Duk wanda ya tambaya sai ta ba shi amsa, ta yi tari, ta juya ƙosai. Masu babur suka tsaya, masu amalanke suka tsaya, mata masu tallan nono suka sauke ƙwarya. Kafin rana ta ɗaga, ƙofar gidan ta fi kasuwar cika.

Kamaru ya iso da gudu, hularsa a hannu. Ya ratsa mutane yana murmushin dole.

"Gwaggo, mene ne haka? Na ba da umarni ki koma ciki yanzu-yanzu."

"Nan ba ƙasarka ba ce, Kamaru. Iyakarka zaure. Nan hanya ce, ta kowa da kowa."

"To na hana suya a ƙofar gida!"

"Je ka sa hannu. Ga gawayi nan."

Mutane suka fashe da dariya. Ana cikin haka wani babur ya tsaya, wani dattijo mai farin gemu ya sauko. Mahaifin Tahira ne, surukin Kamaru, za shi kasuwa daga ƙauyensu. Kamaru ya zube ƙasa yana gaisuwa. Dattijon bai ko dube shi ba. Ya tsuguna gaban Gwaggo ya gaishe ta, ya dubi gadon, ya dubi tabarmar, ya saurari tarin. Ya sayi ƙosai ya sa a aljihun babbar riga. Sannan ya ce, ba tare da ya juya ba, "A gaya wa Tahira ina gaishe ta. A ce mata in ɗakinta ma gwamnati tana so, nawa gidan yana nan." Ya hau babur ya tafi, ya bar Kamaru a tsugune.

Kafin azahar Liman da Mai'unguwa sun zo. Suka ja Kamaru cikin zaure, aka daɗe ana ƙus-ƙus. Aka ga Usaini yana ta fitar da buhunan taki daga ɗakin Gwaggo, gumi yana zuba, kuma karon farko a daminar nan yana aiki yana murmushi.

Kamaru ya fito ya gyara hula, ya tsaya inda kowa zai gan shi.

"Jama'a, bayan dogon nazari, da kuma la'akari da shekarunta, na yanke shawarar yi wa Gwaggo afuwa. Ta koma ɗakinta."

Gwaggo ta ɗago kai. "Afuwa? Laifin me na yi?"

Kamaru ya dubi Liman, Liman ya dubi Mai'unguwa, Mai'unguwa ya dubi sama.

"Ai ita afuwa ba sai da laifi ba," in ji Kamaru.

"Hure, a yi haƙuri," in ji Liman. "Tunda yaro ya sauko, a rufa wa gida asiri. Ki duba gabas."

Ta duba. Hadari ya haɗo baƙi ƙirin, iska ta fara kaɗa gidan sauron. Da ƙirjinta lafiya yake, na san Gwaggo da ta kwana a gindin darbejiyar nan. Amma tari ya turnuƙe ta har sai da Roda ta riƙe ta. Ta miƙe a hankali, ta bi bayan gadonta zuwa cikin gida.

Sai wurin ya ɓarke da yabo. "Kamaru ya yi dattaku." "Allah ya yi maka albarka." "Ba kowa ne zai sauko haka ba." Wani har da riƙe masa hannu biyu. Aka shimfiɗa tabarma a zaure, dattawa suka zauna, Kamaru ya aika a sayo goro.

Na tsaya ina kallonsu. Ba wanda ya tambayi ina awakin, ba wanda ya tambayi waken, ba wanda ya ce a kai ta asibiti. An ƙwace wa tsohuwa abinta a gaban kowa, an riƙe shi sai da lafiyarta ta tafi, an mayar mata da ragowar, kuma wanda ya ƙwace ɗin ne ake sa wa albarka. Mutanen da suke zaune a zauren nan kuwa, kowannensu yana da tsohuwa a gida.

Ɗakin yana warin taki, ƙasan duk farin gari. Gwaggo ba ta ko share ba. Roda ta shimfiɗa mata zani a gado, ta zauna. Ruwa ya sauko, yana dukan kwano, ko ɗigo bai shigo ba.

Tahira ta leƙo, ta tsuguna a bakin ƙofa.

"Gwaggo, wai in ji shi, ki fito zaure ki yi godiya. Su Liman suna jira, don a rufe taro da addu'a."

Gwaggo ta dube ta.

"Ki ce ina zuwa."

Tahira ta tafi. Gwaggo ta miƙe ƙafa, ta ja zani ta rufa har ka, ta juya wa ƙofa baya. Roda ta jawo kujera ta zauna a bakin ƙofar, ta kafa sandarta a tsakani.

A zaure aka ci goro, aka yi hirar taki, aka yi hirar farashin gero. Kamaru yana ta leƙa tsakar gida yana cewa, "Tana zuwa, tsufa ne." Ruwa ya ɗauke. Aka kira la'asar, dattawa suka tashi ɗaya bayan ɗaya suna neman takalma. Da Kamaru ya aiko a karo na ƙarshe, Roda ce ta amsa, ta ce a gaya masa ya yi magana a hankali, Hure barci take yi.